Digirin Faransanci: A Yi Shi a Gida, a Tsallaka Nijar, ko a Nufi Faransa?

Ɗalibin da ya kammala sakandare a Katsina ko Sakkwato, ya kuma ɗaura niyyar karanta Faransanci a jami'a, yana da wata dama da ɗaliban ƙasashe da yawa ba su da ita, domin harshen da yake son koyo da shi ake rubuta takardun ofis a Maraɗi da Birnin Ƙonni, garuruwan da tazararsu da garinsu ba ta wuce kimanin kilomita 100 ba. Sai dai wannan kusanci shi ne yake rikita lissafi idan aka zauna shawara a gida. Wani kawu zai ce a tura yaron Yamai ya zauna cikin masu harshen, wani ya ce takardar gida ta fi kwanciyar hankali, shi kuwa yaron hankalinsa yana Paris. Hanyoyin uku duk suna kaiwa ga digiri mai suna kusan iri ɗaya, amma abin da ke cikin kowanne daban ne, kuma wanda ya zaɓa bai san bambancin ba yakan gane kurensa ne bayan kuɗi sun tafi, shekaru sun wuce.

Kafin a gwada wuraren, ya kamata a san abin da karatun ya ƙunsa, saboda da yawa suna ɗauka koyon magana ne kawai. Wanda magana kaɗai yake nema ba ya bukatar jami'a, cibiyoyin Alliance Française irin na Kano da Kaduna da Jos sun ishe shi. Digiri kuwa yana haɗa nahawu da ilimin furuci da adabi da fassara, da kuma darasin da malaman fannin ke kira "civilisation", wato tarihi da tsarin rayuwar masu magana da harshen. A wannan darasi ne ɗalibi zai ji labarin dokar 1539 da ta wajabta rubuta takardun shari'a da na mulki da Faransanci a maimakon Latin, da kafa majalisar kula da harshen a 1635, da juyin juya halin 1789, da dokar 1905 da ta raba gwamnati da coci, wadda har yau a kanta ake dogara duk lokacin da rigimar addini ta tashi a Faransa. A nan ne kuma tarihin yake zagayowa ya iso ƙofar gida, domin yarjejeniyoyin da Faransa da Ingila suka ƙulla tsakanin 1890 da 1906 su suka raba Katsina da Maraɗi, suka raba Daura da Damagaram. Saboda haka tambayar da ta dace ba ta tsaya a kan inda za a fi saurin iya magana ba, ta haɗa da inda za a fi fahimtar wannan tarihi, da kuma takardar da za ta yi amfani bayan an gama.

Hanyar gida ita ce wadda mafi yawa suke bi, kuma tana da ƙarfin da ba a cika yaba mata ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da jami'o'in Jos da Maiduguri duk suna koyar da Faransanci, kuma suna koyar da shi a matsayin baƙon harshe. Wannan shi ne babban abin da ya bambanta su da sauran hanyoyin biyu. Malamin da ya shekara ashirin yana koyar da Hausawa ya san inda harshensu yake tuntuɓe tun kafin su buɗe baki. Ya san Bahaushe yana haɗa "p" da "f", don haka kalmar burodi, "pain", da kalmar yunwa, "faim", sukan fito masa da sauti ɗaya, ya kuma san "v" yakan koma "b", har mutum ya ce zai sha alhali gani yake nufi, domin "voir" da "boire" a nan kaɗai suka rabu. Ya san kuma inda Bahaushe ya fi mai Ingilishi sa'a. Mu mun saba da cewa kowane suna ko namiji ne ko tamata, don haka tsarin bai zo mana a baƙo ba, sai dai jinsin ba ya faɗawa daidai: rana tamata ce a wurinmu amma namiji ce a wurinsu, wata kuwa namiji ne a nan, tamata a can. Haka nan "vous" na girmamawa ba ya ba Bahaushe wahala, tunda shi ma da "ku" yake kiran mahaifinsa. Irin wannan koyarwa da ta san ɗalibinta ba a samun ta a ajin da aka ɗauka kowa ya riga ya iya.

Karatun shekara huɗu ne, kuma a shekara ta uku ake tura ɗalibai Ƙauyen Faransanci da ke Ajara a Badagiri, jihar Legas. A da can ƙasashen waje ake kai su, wasu Togo wasu Faransa, amma da darajar naira ta faɗi a shekarun 1980 jami'o'i suka kasa ɗaukar nauyin, sai gwamnatin tarayya ta kafa ƙauyen a 1991 don ya maye gurbin wannan fita. Manufar ita ce a kwana a tashi cikin Faransanci, daga aji har wurin cin abinci. Mai ƙwazo yana dawowa da bakinsa a sake, wannan gaskiya ce. Amma ƙauyen tsibiri ne, domin da an fita ƙofa Yarbanci da Egun da broka ake ji, kuma 'yan gari ɗaya idan suka haɗu a ɗaki da dare ba su da dalilin wahalar da kansu da baƙon harshe. Ga shi kuma bayan an koma jami'a, sa'o'i kaɗan na darasi ne a rana, sauran rayuwar duk da Hausa da Ingilishi. Yajin aikin malaman jami'a, irin na wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022, ya fi cutar da mai koyon harshe a kan mai karanta kowane fanni, saboda tarihi yana jiran mutum a cikin littafi, harshe kuwa idan aka bar shi wata takwas sai ya tsere.

Na taɓa tsayawa a layi a wata kan iyaka bayan wani matashi da ya gama digirinsa na Faransanci ba da jimawa ba. Ya shirya jimlarsa tun muna cikin mota, ya kuwa faɗe ta tsaf, babu kuskuren nahawu ko ɗaya. Jami'in duwan, wato kwastan, ya mayar masa da amsa da sauri, yana haɗiye rabin kalmomin kamar yadda masu harshe suke yi, sai matashin ya yi tsuru. Da jami'in ya maimaita sau biyu bai ga alamar fahimta ba, sai ya ajiye alƙalaminsa ya ce, "Malam, yi Hausa mu gama, mutane suna jira." Wannan ɗan abin ya nuna raunin hanyar gida, amma idan aka duba da kyau ya nuna tarkon hanya ta biyu ma.

Tarkon shi ne, Bahaushe ba baƙo ba ne a Nijar. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wadda ta fara a 1971 ta kuma karɓi sunan masanin kimiyyar hasken rana a 1992, tana da tsangayar adabi da nazarin ɗan Adam, haka ma Jami'ar André Salifou ta Damagaram. A cikin aji Faransanci ne zalla. Da an fito kuwa, mai shayi da mai kabu-kabu da mai gidan haya duk da Hausa za su yi wa ɗalibin magana, musamman a Damagaram da Maraɗi da Tawa, a Yamai ma inda Zabarmanci ke da ƙarfi Hausa tana biyan kowace bukata. Abin da zai koya a kasuwa shi ne lissafi da dala, ya san dala ashirin ita ce sefa 100, jaka kuma sefa 1,000, ya saba da jin lakwal a maimakon makaranta da mushe a maimakon malami. Wannan ilimi ne mai daɗi, amma ba shi aka tura shi nema ba. Wanda bai ɗaure wa kansa ya zauna ɗaki ɗaya da ɗalibai daga Chadi ko Benin ko Kamaru ba, yana iya shekara uku a can ya dawo da Hausar Damagaram mai kyau da Faransanci mai ɗingishi.

Akwai kuma wani bambanci da iyaye ba su cika sani ba. Sashen adabin Faransanci a Yamai ba a gina shi don mai koyo ba, an gina shi ne don ɗalibin da ya fara karatu da harshen tun ajin farko na firamare, ya ci jarrabawar bakaloriya ta kammala sakandare, ya kuma saba da salon rubutun da ake kira "dissertation", inda ake kafa hujja, a kawo kishiyarta, sannan a sasanta su cikin tsari mai tsauri. Malami zai shigo ya yi laccar awa biyu a ɗakin da ya cika maƙil, ba zai tsaya don wani bai gane kalma ba. Ɗalibin da ya zo da takardar WAEC ko NECO sai an daidaita takardarsa da tasu, kuma a gaskiya yana bukatar aƙalla shekara guda ta koyon harshe kafin ya iya bin darasi. Don haka digirin farko na shekara uku, bisa tsarin da suke bi na shekara uku ga digirin farko, biyu ga na biyu, uku ga na uku, yakan koma huɗu a aikace. Su ma can ba su tsira daga yajin aiki da shekarun karatu masu hawa kan juna ba. Ta fuskar kuɗi, sefa a ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 ga yuro ɗaya, saboda haka duk faɗuwar da naira ta yi tun bayan sakin farashinta a 2023, kai tsaye take shiga aljihun uban da ke aika kuɗi daga Kano.

Duk da haka, idan maganar tarihi da wayewar ƙasashe masu amfani da Faransanci ake yi, ina ganin Nijar ta fi sauran biyun ba ɗalibi Bahaushe abin da zai taɓa da hannunsa. Abin da ɗalibin Zariya ke karantawa a takardar darasi, na Damagaram yana wucewa ta gabansa kullum. A garin ne aka kashe hafsan sojan Faransa Kyaftin Cazemajou a 1898, a kusa da shi aka gwabza yaƙin Tirmini a 1899, kuma shi ne hedikwatar mulkin mallaka kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Ayarin sojan Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine, wanda ya ƙone garuruwa ya kuma yi kisan gilla a Birnin Ƙonni a 1899 bayan ya kara da Sarauniya a Lugu, ta cikin ƙasar Hausa ya ratsa, kuma jikokin waɗanda abin ya shafa suna nan suna ba da labarin da Hausa. Ɗalibin da ya iya karanta rahoton Bafaranshe ya kuma iya zama gaban tsoho ya saurari nasa ɓangaren yana riƙe da makamai biyu da manazarcin Paris sai ya nemi tafinta kafin ya samu na biyun. A Yamai akwai cibiyar binciken IRSH mai ajiye da rubuce-rubucen Larabci da ajami, akwai kuma cibiyar CELHTO ta Tarayyar Afirka da ke tattara tarihin baka.

Ga shi kuma tarihin bai tsaya ba, yana gudana a gaban idon ɗalibi. A Yamai aka rattaba hannu a ranar 20 ga Maris 1970 kan yarjejeniyar da ta haifi ƙungiyar ƙasashe masu magana da Faransanci, kuma Shugaba Diori Hamani yana cikin waɗanda suka assasa ta tare da Senghor na Senegal da Bourguiba na Tunisiya. A Maris 2025 Nijar ɗin ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar, sannan kundin da ya maye gurbin tsarin mulki ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin alamar cewa karatun Faransanci ya zama aikin banza, ni kuwa ban ga haka ba, domin dokoki da takardun kotu da darussan jami'a har yanzu da shi ake yin su, kuma kundin tarihin shekaru sittin na mulkin mallaka ba zai fassara kansa ba. Abin da ya canza shi ne lissafin tafiya. Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya jawo rufe iyaka na watanni, Nijar ta kuma fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka dole ɗalibi ya riƙe cikakkun takardun tafiya, ya daina dogaro da sabon da aka yi na tsallakawa kamar za a je ƙauyen maƙwabta.

Maganar takarda ma a nan take shigowa. Digirin gida yana kai mutum bautar ƙasa kai tsaye, na waje kuwa sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance shi tukuna. A Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo bayan wani binciken jarida ya fallasa yadda ake sayen digiri cikin makonni, abin da ya shafa wa ɗaliban kirki da yawa kashin kaji. Wanda zai bi ta Kwatano ko Lome, ko ta ko'ina ma, ya tabbatar sunan jami'ar yana cikin waɗanda ma'aikatar ta amince da su kafin ya biya ko sisi, kuma jami'ar gwamnati ta fi 'yan ƙananan makarantun kuɗi aminci nesa ba kusa ba. Ɗan Adamawa ko Borno yana iya duba Ngaundere ko Marwa a Kamaru, inda Fulatanci ne zai zame masa irin tarkon da Hausa ke zame wa Bakatsine a Maraɗi.

Faransa kuwa, maganarta ba ta da tsawo idan digirin farko ake nufi, domin ga yawancin iyalai ba ta cancanci kuɗinta ba. Ana neman gurbi ta ofishin Campus France, hukumar Faransa mai kula da ɗaliban waje, kuma jami'o'i galibi suna neman shaidar ƙwarewa a Faransanci ta matakin B2, na huɗu cikin matakai shida, kafin su duba takardar mutum, wato sai ka iya harshen sannan a ba ka damar zuwa. Tun 2019 aka sanya wa ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba yuro 2,770 a shekara don digirin farko da yuro 3,770 don na biyu, an kuma ɗan ƙara a kai daga baya, ko da yake jami'o'i da dama sun riƙa yafe wani kaso. Kuɗin makaranta ma ba shi ne nauyin ba, haya da abinci su ne, kuma kafin a ba da biza sai an nuna shaidar isasshen kuɗin zama na kowane wata. Doka ta yarda ɗalibi ya yi aiki sa'o'i 964 a shekara, amma wanda ya dogara da wannan don ya ci abinci karatunsa ne zai biya bashin. Ga ɗaliba mace, yana da kyau ta san cewa dokar 2004 da ta hana sa alamomin addini ta shafi makarantun gwamnati ne na firamare da sakandare, ba ta shafi ɗaliban jami'a ba, don haka hijabi ba laifi ba ne a aji, amma dokar 2010 ta haramta rufe fuska a bainar jama'a.

A matakin digiri na biyu ne lissafin yake juyawa. Shekara biyu ce kacal, guraben tallafi sun fi samuwa, ɗalibin kuma ya riga ya san abin da ya je nema. Mai son aikin tafinta yana da makarantar ESIT a Paris, ko ASTI a Buea ta Kamaru idan yana son kusa da gida. Mai son tarihi yana da ɗakin ajiye takardun ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka a Aix-en-Provence, ko da yake babban kundin gwamnatin Afirka ta Yamma ta Faransa a Dakar aka bar shi, abin da ya sa Senegal ma ta zama wurin zuwa. A Paris akwai cibiyar INALCO inda ake koyar da Hausa, kuma a irin wannan wuri ne Bahaushe yake gane cewa harshen da ya tashi da shi jari ne a wurin aiki.

Idan aka ɗora ukun a sikeli, shawarata ga ɗalibin da bai taɓa yin Faransanci mai zurfi ba ita ce ya yi digirin farko a gida, amma kada ya bar wa jami'a aikin buɗe masa baki. Duk dogon hutu, duk yajin aiki, ya tsallaka idan hanya tana da lafiya, ya yi wata ɗaya ko biyu a inda zai ji harshen daga bakin ma'aikatan asibiti da na banki da 'yan rediyo. Wanda ya taso a gari na kan iyaka ya kuma yi wani ɓangare na karatunsa a lakwal, ko wanda tarihin Damagaram da Gobir da Adar shi ne ainihin abin da ke ransa, Yamai ko Damagaram ta fi masa, muddin ya tabbatar da matsayin takardar tun da wuri. Mai niyyar koyarwa a sakandare ko kwalejin ilimi a Najeriya ba shi da dalilin fita ko kaɗan, tunda tun bayan da gwamnatin Janar Sani Abacha ta ɗaga matsayin Faransanci a 1996 ake kukan ƙarancin malamansa, a Arewa musamman. Mai hangen hedikwatar ECOWAS a Abuja, ko Hukumar Tafkin Chadi a Njamena, ko sashen Hausa na gidan rediyon RFI, ko ƙungiyoyin agaji da ke aiki a yankin Diffa da Maraɗi, ya sani cewa a wurin ganawar ɗaukar aiki ba za a tsaya kan sunan jami'a ba, za a juya hirar ne zuwa Faransanci a ji yadda zai amsa.

Shi ya sa, kowace hanya aka bi, jarrabawar DELF ta matakin B2, wadda ke auna ƙwarewa a Faransanci, ta cancanci a sa ta cikin kasafi tun farko. Ana rubuta ta a cibiyoyin Alliance Française, tana da sassa huɗu, wato saurare da karatu da rubutu da magana, kowanne maki 25, ana kuma bukatar 50 cikin 100 ba tare da an gaza maki 5 a ko ɗaya ba. Takardarta ba ta lalacewa, saɓanin ta TCF, wata jarrabawar Faransancin, da ke ƙarewa bayan shekara biyu. Ga ɗalibin gida, lokacin da ya fi dacewa ya zauna mata shi ne watannin farko bayan dawowarsa daga Badagiri, tun kunnensa yana ɗauke da harshen, kafin aikin kundin shekarar ƙarshe ya cinye masa lokaci.